Yadda Ake Zaɓar Gidan Jinya Ga Dattijo, Daga Tantance Buƙata Zuwa Bibiya Bayan Ƙaura

Akwai matakin da jinyar dattijo ke kaiwa inda ƙauna da ƙoƙarin iyali kaɗai ba sa isa, musamman idan ya zamana ana buƙatar mai juya shi a kan gado cikin dare, ko mai yi masa allura a kan lokaci, ko mai sa masa ido dare da rana domin kada ya fita ya ɓace. A irin wannan hali ne iyalai ke fara tunanin gidan jinyar tsofaffi, wato gidan da tsoho zai zauna ƙarƙashin kulawar ma'aikatan da aka horar. Galibi shawarar kan zo ne a gaggauce, bayan faɗuwa ko kwanciyar asibiti, lokacin da hankalin kowa yake a tashe, shi ya sa ake yawan zaɓar gidan da gininsa ya fi ɗaukar ido. Ra'ayina shi ne ingancin irin wannan gida yana hannun ma'aikatansa: yawansu, horonsu, da yadda suke mu'amala da tsoho idan babu mai kallonsu. Matakan da ke tafe duk hanyoyi ne na gano hakan kafin a sa hannu a takarda.

Mataki na farko: ku rubuta ainihin abin da yake buƙata

Kafin ku taka ƙofar kowane gida, ku zauna da takarda da biro ku rubuta abin da dattijon ke iya yi wa kansa da abin da ba ya iyawa. Likitoci suna da ma'aunin da suke amfani da shi tun 1963, wanda wani likitan Amurka mai suna Sidney Katz ya tsara tare da abokan aikinsa, kuma ya ƙunshi ayyuka shida na yau da kullum: wanka, sa tufafi, zuwa banɗaki, tashi daga gado zuwa kujera, riƙe fitsari da bahaya, da cin abinci. A gaban kowanne ku rubuta ko yana yin sa shi kaɗai, ko sai an taimaka masa, ko kuma sai an yi masa gaba ɗaya. Ku faɗi gaskiya a nan, ku auna shi da ranarsa mafi wuya, domin iyali kan rage nauyin matsalar saboda kunya ko tausayi, daga baya kuma gidan ya ce ba a sanar da shi haƙiƙanin halin da ake ciki ba.

Daga nan sai ɓangaren lafiya. Ku lissafa cututtukan da ke tare da shi, kamar ciwon suga, hawan jini, shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya, da duk magungunan da yake sha da lokutansu. Ku rubuta ko yana amfani da robar fitsari, ko robar abinci, ko iskar oksijin, ko yana da gyambon da ake wankewa. Wannan ne zai nuna muku irin gidan da za ku nema, domin gidajen iri biyu ne a ƙasashe da dama, ko da sunayensu sun bambanta. Akwai wanda ke taimaka wa tsoho da wanka da abinci da tuna masa shan magani kawai, akwai kuma wanda ke da ƙwararriyar nas a bakin aiki sa'o'i 24. Wanda ke buƙatar allurar insulin da wankin gyambo na biyun ne wurinsa, kuma kai shi na farkon saboda ya fi sauƙin kuɗi yakan ƙare da komawa asibiti.

Ciwon mantuwa yana buƙatar a tsaya a kansa daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 55 ne ke ɗauke da shi a duniya, kuma nau'in da ake kira Alzheimer shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu ciwon. Ciwo ne da ke ƙaruwa a hankali, saboda haka gidan da ya wadatar a bana zai iya gazawa baɗi. Ku nemi likitan dattijon ya duba shi ya rubuta rahoto, ku kuma tambaye shi yadda yake hasashen jikin zai kasance nan da shekara ɗaya ko biyu, domin sauya wa mai ciwon mantuwa gida sau biyu yana ƙara rikita shi ƙwarai. Idan kuma bayan wannan lissafi kun ga cewa mai jinya da zai riƙa zuwa gida, ko zaman 'yan makonni a gidan jinya har iyali su huta, zai wadatar, to babu dalilin gaggauta ƙaura ta dindindin.

Mataki na biyu: ku sa mai abin cikin shawarar

Shi ne zai kwana a ɗakin, shi ne kuma baƙin hannu za su taɓa jikinsa, don haka muddin hankalinsa yana nan, maganarsa ce gaba da ta kowa. Ku tambaye shi abin da yake tsoro da abin da ba zai iya rabuwa da shi ba. Wani damuwarsa ibada ce da wurin yin ta, wata kuma ba za ta yarda namiji ya yi mata wanka ba, wani kuwa babban abin da ke gabansa shi ne a samu mai jin harshensa. Maganar harshe ba ƙarama ba ce, domin masu ciwon mantuwa sukan rasa harshen da suka koya da girma su koma wa na yarintarsu, kuma tsohon da ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo yana cikin haɗari. Kada a yaudare shi da cewa asibiti za a kai shi na kwana biyu alhali zama za a bar shi ya yi. Ranar da ya gane gaskiya zai daina yarda da ku da ma'aikatan baki ɗaya.

A wannan mataki ne kuma ya kamata a tsayar da wakili guda ɗaya a rubuce, bisa dokar ƙasar da kuke, wanda zai yanke shawara kan lafiya da dukiyar dattijon idan ya kai inda ba zai iya ba. Ana yin wannan ne tun yana cikin hayyacinsa, domin idan hankali ya gushe, sau da yawa sai an bi ta kotu.

Mataki na uku: ku tace gidajen tun daga nesa

Ku fara da nisa. Gidan da ɗayanku zai iya leƙawa a hanyarsa ta dawowa daga aiki ya fi wanda sai an ware yini guda kafin a je, ko da na nesan ya fi kyau a hoto, saboda yawan ziyara shi ne kariya mafi ƙarfi da tsoho ke da ita. Ku duba kuma nisan gidan da asibiti mafi kusa.

Sannan ku tabbatar gidan yana da lasisi mai aiki daga hukumar da ke sa ido kan irin waɗannan gidaje, ku nemi ganin takardar da idonku. Ƙasashe da dama suna wallafa sakamakon binciken da suke yi. A Ingila hukumar Care Quality Commission tana ba kowane gida ɗaya daga cikin matsayi huɗu, a Amurka kuma shirin Medicare, wato inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnati, yana ba su taurari daga ɗaya zuwa biyar. Inda ake da irin wannan rahoto, kada ku tsaya a kan matsayin da aka ba gidan. Ku karanta cikinsa ku ga laifin da aka kama, ko ya maimaitu a bincike na gaba, da ranar da aka yi binciken, domin gidan da ya sauya mai shi ko shugabansa zai iya zama wani abu daban cikin 'yan watanni. Inda babu irin wannan hukuma, ko take da rauni, nauyin bincike ya dawo kanku kacokan, sai ku tambayi likitoci da ma'aikatan jinyar asibitin da ke karɓar marasa lafiya daga gidajen, domin su ne ke ganin halin da tsofaffi ke zuwa a ciki. Gidaje uku ko huɗu sun isa a kai mataki na gaba.

Mataki na huɗu: ziyara, kuma fiye da sau ɗaya

Gani ya kori ji. Ziyarar farko ku yi ta da alƙawari, domin ku samu zama da shugaban gidan da babbar nas. Ta biyu ku yi ta ba sanarwa, a lokacin cin abinci. Idan da hali ku ƙara ta uku da yamma liƙis ko a ƙarshen mako, lokacin da manyan gidan ba sa nan kuma ma'aikata suka ragu. Gidan da ya hana ku shiga sai da alƙawari ba tare da wani dalili na lafiya ba, ya riga ya ba ku amsa.

Da shigarku, ku bar hanci da kunne su fara aiki. Warin fitsari a ɗaki guda yana iya zama abin da ya faru yanzun nan, amma idan ya cika farfajiya ya kama labule da kujeru, alama ce ta cewa ana barin mutane cikin jiƙaƙƙen ƙunzugu. Yawan turaren fesawa ma abin lura ne. Ku saurari ƙararrawar kiran ma'aikata, ku duba agogo ku ga minti nawa take yi kafin a amsa. Ku saurari yadda ake kiran mazauna gidan: da sunansu cikin girmamawa, ko da lambar gado, ko da irin muryar da ake lallashin jariri? Ku lura ko ma'aikaci yana ƙwanƙwasa ƙofa kafin ya shiga, ko yana jan labule kafin ya sauya wa mutum kaya, ko yana durƙusawa ya daidaita da mai keken guragu kafin ya yi masa magana. Waɗannan ƙananan abubuwa ba a iya shirya su domin baƙo, shi ya sa na fi ba su muhimmanci a kan duk abin da za a faɗa muku a ofis.

Ku dubi mazauna gidan su kansu. Shin farcensu a yanke yake, gashinsu a gyare, tufafinsu nasu ne kuma sun dace da yanayi? Masu tabarau da haƙoran roba da na'urar ji suna sanye da su? Idan kuka ga yawancinsu a jere gaban talabijin suna gyangyaɗi da hantsi, ku yi tambaya kan magungunan kwantar da hankali. Akwai rukunin magungunan taɓin hankali da wasu gidaje ke bai wa masu ciwon mantuwa domin su yi shiru, alhali tun 2005 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu wannan ciwo. Ana iya ba da su idan likita ya ga larura, na ɗan lokaci, da sanin iyali. Haka nan ɗaure tsoho a kujera ko a gado da sunan hana shi faɗuwa: yana raunana jiki, yana jawo rauni, yana kuma zubar da mutunci. Ku tambaya kai tsaye mutum nawa ne a gidan ke kan irin waɗannan magunguna, wa ke sake duba su, kuma mene ne tsarin gidan game da ɗauri.

Yanzu sai maganar ma'aikata, wadda ita ce ƙashin bayan komai. Kada ku karɓi jimillar adadi. Ku tambayi mutum nawa ke bakin aiki da safe, nawa da yamma, nawa da dare, a sashen da dattijonku zai zauna, kuma a cikinsu nawa ne ƙwararrun nas. Ku tambayi shekarun da babbar nas da shugaban gidan suka yi a wurin, da yawan waɗanda suka bar aiki a shekarar da ta wuce, da yadda gidan ke dogaro da 'yan wucin gadi. Dalilin wannan tambaya shi ne, ma'aikaciyar da ta daɗe da tsoho ita ce za ta lura yau bai gama abincinsa ba, ko ya fi jiya ruɗewa. A jikin tsoho, ruɗewar farat ɗaya takan zama alamar farko ta ciwon mafitsara, ko nimoniya, ko ƙarancin ruwa a jiki, sau da yawa ba tare da zazzaɓi ba, kuma baƙuwar fuska ba za ta gane sauyin ba tunda ba ta san yadda yake a da ba. Ku tambayi ko ana binciken tarihin mutum kafin a ɗauke shi aiki, da irin horon da ake ba su kan ɗaga mara lafiya da kula da mai ciwon mantuwa.

Akwai abubuwa uku na jinya da amsar da aka ba ku a kansu za ta nuna ƙwarewar gidan. Na farko gyambon kwanciya, wanda ke fitowa a ƙugu, da gindin baya, da diddige, saboda nauyin jiki ya danne jini ya hana shi gudana. Yana farawa da jan tabon da ba ya washewa idan an danna shi da yatsa, kuma idan aka yi sakaci yakan ci har ƙashi. Abin da aka saba shi ne a juya wanda ba ya motsi kusan duk bayan sa'o'i biyu, a duba fatarsa kullum, a ba shi katifa ta musamman. Ku nemi a nuna muku takardar da ake rubuta lokutan juyawa. Na biyu faɗuwa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tsakanin kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa a kowace shekara. Gidan da ya ce ba a taɓa faɗuwa a cikinsa ba, ko dai ba ya rubutawa ko kuma ba ya barin kowa ya tashi. Amsa mai kyau ita ce wadda ta bayyana abin da ake yi bayan faɗuwa, wa ake kira, cikin wane lokaci ake sanar da iyali, da yadda ake gyara abin da ya jawo ta. Ku duba da kanku ko akwai ƙarafan riƙewa a banɗaki da farfajiya, da hasken dare, da daɓen da ba ya santsi. Na uku magani: wa ke rabawa, ina ake kulle shi, yaya ake rubutawa, kuma duk bayan wane lokaci likita ke sake duba jerin magungunan kowane mutum.

A wurin cin abinci, ku lura da waɗanda ba sa iya ci da kansu. Ana zama kusa da su a ba su a natse, suna zaune a miƙe, ko ana ajiye farantin a ɗauke shi yadda aka kawo? Wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki yakan samu matsalar haɗiya, kuma ɗura masa abinci yana kishingiɗe na iya sa ya sarƙe abincin ya shiga huhu. Ku duba ko akwai ruwan sha inda hannun kowa zai kai, domin tsufa na rage jin ƙishirwa. Ku tambayi ko ana auna nauyin mazauna gidan a kai a kai.

Kafin ku fita, ku duba wuraren wanke hannu, ku tambayi yadda ake keɓe mai cuta mai yaɗuwa. Annobar korona ta 2020 ta nuna yadda cuta ke saurin cin irin waɗannan gidaje. Ku tambayi yadda za a fitar da waɗanda ba sa tafiya idan gobara ta tashi da dare, da abin da ake yi idan wuta ta ɗauke alhali wani yana kan oksijin. Idan kun haɗu da wani ɗan ziyara a waje, ku gaishe shi ku tambaye shi abin da zai so a ce ya sani tun farko.

Mataki na biyar: yarjejeniya

Ku karɓi takardar ku tafi da ita gida, kada ku sa hannu a ranar da aka miƙo muku. Ku tantance abin da kuɗin wata ya ƙunsa da abin da ake biya daban, domin ƙunzugu, wanki, gashin jiki da motsa gaɓoɓi, rakiya zuwa asibiti da kayan wankin gyambo su ne ke kumbura lissafi. Ku duba yadda ake ƙara kuɗi da tsawon sanarwar da za a ba ku, da ko za a riƙe masa gadonsa idan aka kwantar da shi a asibiti, da sharuɗɗan mayar da kuɗin ajiya. Sashen da ya fi muhimmanci shi ne na dalilan da za su sa gidan ya sallame shi, musamman idan jikinsa ya tsananta ko kuɗi suka yanke. Ku kula sosai kada ɗayanku ya sa hannu a matsayin mai lamuni da dukiyarsa alhali yana zaton a matsayin wakili ya sa. Ku lissafa ko kuɗin da ke hannu za su ɗauki shekaru, ku kuma binciki tallafin gwamnati ko inshorar da dattijon ya cancanta. Idan akwai abin da ya shige muku duhu, kuɗin lauya na sa'a guda ba asara ba ne.

Mataki na shida: ranar ƙaura

Ku kai shi da safe, a ranar aiki, lokacin da babbar nas take nan. Ku riga shi zuwa ku jera kayan da ya saba da su: bargonsa, hotunan iyali, rediyonsa, agogonsa. Ku miƙa jerin magunguna da rahoton likita hannu da hannu, ku rubuta kayan da aka shigo da su, ku sa suna a tufafinsa. Ku rubuta wa ma'aikata shafi guda game da shi: sunan da yake so a kira shi da shi, sana'ar da ya yi, lokacin barcinsa, abin da ke ɓata masa rai da abin da ke sanyaya masa zuciya. Ku nemi a duba fatarsa a auna nauyinsa a gabanku a rubuta, domin a samu abin kwatantawa nan gaba. Makonnin farko sukan yi wuya, zai iya yin fushi ko kuka ko ya ce a mayar da shi gida, kuma wannan kaɗai ba hujja ba ce ta cewa zaɓin bai yi ba.

Mataki na bakwai: bibiya

Ku nemi zama da ma'aikata cikin makonnin farko domin a tsara kundin kulawarsa, a kuma riƙa sabunta shi duk lokacin da jikinsa ya sauya. Ku riƙa zuwa a lokuta mabambanta, ku san masu kula da shi da sunayensu, ku gode musu idan sun kyauta, domin aikinsu mai nauyi ne kuma ma'aikacin da ya san iyali yakan fi faɗa musu gaskiya.

Amma kada sabo ya rufe muku ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito cewa a binciken da aka yi a gidajen jinya, ma'aikata biyu cikin uku sun amsa cewa sun aikata wani nau'i na cin zarafin tsoho a cikin shekara guda kafin binciken, kama daga tsawa da sakaci har zuwa duka. Ku lura da kwanciyar jini ko ƙujewar da ba a yi muku bayaninta ba, musamman a damtse da wuyan hannu. Da rama cikin ɗan lokaci. Da bushewar leɓe. Da sabon gyambo. Da yawan barcin da bai saba ba. Da yin tsit ko firgita idan wani ma'aikaci ya shigo. Da ɓacewar kuɗi ko kaya. Idan ya yi ƙorafi, ku saurare shi ko da yana da ciwon mantuwa, ku bincika kafin ku ce ruɗewa ce.

Duk abin da kuka gani ku rubuta shi da rana da lokaci, ku ɗauki hoto da izininsa idan rauni ne. Ku fara kai magana ga babbar nas, idan ba a gyara ba ku rubuta wa shugaban gidan ku nemi amsa a rubuce, idan har yanzu shiru ku kai ga hukumar da ta ba gidan lasisi. Idan kuwa duka ne, ko cin zarafi ta hanyar lalata, ko sakacin da ke barazana ga rayuwa, ba a bin wannan jeri: ku kira likita daga waje ya duba shi, ku sanar da 'yan sanda da hukumar a ranar, ku kuma tuntuɓi gida na biyu a jerin da kuka tace tun a mataki na uku domin a ɗauke shi.